Katin da Ya Je Gidan Entaz Ali

Laraba, 25 ga Maris, ƙarfe tara na safe

Na kunna kwamfutar shago, maimakon lissafinmu sai ga wani shuɗin allo. Wai tsohuwar manhaja ta yi ritaya, mu koma sabuwa, a biya taka, kuɗin ƙasarmu, dubu goma sha huɗu da ɗari biyar duk shekara. Duk shekara. Abba ya sayi abin nan shekara tara da suka wuce, kuɗi hannu. Rasit ɗin yana cikin gwangwanin biskit, kuma a jikinsa an rubuta "har abada". Sau uku na karanta, ko idona ne. Ashe abadan mutanen Dhaka shekara tara ne.

Ba zan rubuta sunan kamfanin a littafina ba. Ba su kai ba.

Saura kwana ashirin halkata, bikin buɗe sabon littafin bashi, kuma sun sani. Sun san ranar ɗaya ga Boishak, farkon shekararmu, babu mai shagon da zai buɗe sabon jan littafi bai aika wa mutanensa kati ba, kowa da abin da ake binsa, ya zo ya rage, ya ci kayan zaƙi, a rubuta sunansa a sabon shafi. Manoma ɗari uku da sha biyu ke ɗaukar taki da iri a wurinmu. Dukansu suna bayan shuɗin allon nan.

Abba yana nan.

Laraba, bayan la'asar

Na kira su. Wani Sabbir ne ya ɗauka, murya kamar an shafa mata man kwakwa. Yallaɓai kaza, yallaɓai kaza. Ya ce sabuwar ta fi sauri, kuma lissafinmu zai zauna a wurinsu cikin aminci. Na ce da a ina yake zaune, a bakin kogi? Ya yi dariyar da aka koya masa. Na ce idan na sayar wa manomi garma, bayan shekara tara na je gonarsa na ɗaure ta da kwaɗo na ce sai ya sake biya, me ake kirana? Ya ce wannan tsarin kamfani ne. Na ce a garinmu Carghat sunansa fashi, sai dai ɗan fashinmu yana da kunya, yana rufe fuska.

Na ƙara da wata magana a kan gashin bakinsa, alhali ban taɓa ganinsa ba. Ya kashe waya.

Alhamis, 26 ga Maris, da hantsi

Baffa Nitai mai kayan zaƙi ya leƙo daga shagonsa yana tambayar kilo nawa na rasagola za mu so bana. Shekara talatin shi yake yi wa Abba. Na ce kilo arba'in, kamar kullum. Ya dube ni ta saman gilashinsa ya ce, "Farfesa, ka biya su kawai mana. Harshen nan naka ba ya buɗe kwaɗo."

Farfesa yake ce mini saboda littattafan da nake saye a kilo wajen mai tsohuwar takarda. Aji takwas na tsaya. Amma ni na karanta littafin da ya zo da manhajar nan tun daga bango har bango, shafi ɗari biyu da sittin, da ƙamus a cinyata, kuma na rantse Sabbir bai kai shafi na goma ba.

Juma'a, 27 ga Maris, bayan masallaci

Abba ya sha ruwa da kansa, karon farko tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Rabin ruwan ya zube. Umma ta ce kada in tsaya ina kallo.

Asabar, 28 ga Maris, ƙarfe sha ɗaya

Na buɗe ta.

A ƙasan gwangwanin biskit akwai filashar da Abba yake kwafe lissafi a kai idan ya tuna. Ƙarshen tunawarsa watan Oktoba ne. Na cire wayar intanet, na mayar da agogon kwamfuta baya, na goge manhajar na sake ɗora ta daga tsohon faifai, na zuba mata abin da ke filashar. Ta buɗe kamar ba ita ba. Shafi na ɗari biyu da huɗu, ga duk mai son sani.

Sai dai lissafin ya tsaya a Oktoba. Wata biyar da ɗoriya babu. Ba komai. Abba bai taɓa karɓar ko bayar da taka ɗaya babu rasit ba, kuma kwafin kowane rasit yana nan a soke a jikin ƙusa. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na je na gaya wa Baffa Nitai. Ya ce to Farfesa ya ci jarrabawa, ya ba ni rasagola ɗaya, sannan ya rubuta ta a lissafina.

Litinin, 30 ga Maris, da rana

Rasit dubu ɗaya da ɗari da tara. Na kai ɗari huɗu.

Akwai wani gurbi a ƙarƙashin sunan kowane mutum, na bayani. Ban taɓa kula da shi ba. Abba ya cika shi da yatsa ɗaya, shekara tara. Wannan ba ya shan shayi da sukari. Wannan kada a yi masa maganar kuɗi kafin ya yanke shinkafa. Wannan kurma ne ta kunnen hagu, ba girman kai ba ne. Wannan ɗansa yana kurkuku, kada a tambaya.

Mutumin da a gida ba ya haɗa jimla biyu a rana, ashe nan yake zuba surutunsa.

Na sayi jan littafin bana. Ina kwafe bayanan a ciki da hannuna, kowa ƙarƙashin sunansa. Abin da ke takarda ba mai kulle shi daga Dhaka.

Talata, 31 ga Maris, da yamma

Ɗari tara. Wuyana ya ƙage. Abba yana nan.

Alhamis, 2 ga Afrilu, bayan azahar

Na gama. Kati ɗari uku da sha biyu, kowanne da adadinsa, ko taka ɗaya ba ta ɓata ba. Na raba wa masu kwale-kwale na ƙauyukan tsibiri, na ba masu amalanke na cikin gari. Na kai wa Abba guda ɗaya na riƙe masa a gaban ido. Ya daɗe yana kallo. Ni dai na ce murmushi ne.

Sabbir ya turo saƙo: rangwamen farko zai ƙare ranar bakwai ga wata. Na amsa masa cewa ya jiƙa rangwamen ya sha.

Lahadi, 5 ga Afrilu, da safe

Mun kai Abba asibiti a Rajshahi mun dawo. Ba zan rubuta abin da likita ya ce ba. Takardar magani ta fi ta wancan watan tsawo.

Talata, 7 ga Afrilu, ƙarfe sha biyu

Wata tsohuwa ta shigo shago da farin mayafi, ƙafafunta duk taɓon bakin kogi. Ta kwance haɓar zaninta ta ajiye kuɗi a kan kantar shago, da katinmu a sama. Entaz Ali, ƙauyen tsibiri, dubu ashirin da ɗaya da ɗari huɗu. Na ce Inna ai halkata sai mako mai zuwa, kuma ba a ce a biya duka ba, a rage ne. Na tambayi ina mai gidan.

Ta ce ya rasu tun cikin sanyi. Sunanta Amiron, matarsa ce.

Ta ce bai gaya mata akwai bashi ba. Wata huɗu tana barci lafiya, ashe shi yana can a ɗaure. Tun daren da katin ya zo ba ta runtsa ba. Ta karɓi kafin alƙalami a kan saniyarta wajen wani dillali, ranar Asabar zai zo ya kwance ta ya cika mata sauran. Saniyar ɗaya ce. Da nononta take ci.

Na duba kwamfuta, adadin yana nan. Na duba ƙusa, babu rasit ɗin biya. Na karɓa, na rubuta mata rasit. Na ma yi mata addu'a.

Da za ta fita ta tambayi Abba. Ta ce ya je jana'izar, har ya kama makara.

Talata, bayan la'asar

Kuɗin suna aljihun tebur. Na ƙirga su sau biyu. Za su iya biyan takardar maganin Rajshahi har da canji.

Abba ya je jana'izar. Kowa ya san kafin a yi wa mamaci salla ana tambaya, wa yake binsa bashi, ya faɗa ko ya yafe. Abba yana tsaye a wurin.

Laraba, 8 ga Afrilu, da safe

Na tambayi Umma. Ta tuna ranar. Ya dawo daga tsibiri da rigar sanyi a jiƙe, bai ci abinci ba, ya wuce shago ya kunna kwamfuta, minti biyar ya kashe ya dawo. Ta tambaye shi, ya ce ba komai.

Rasit dubu ɗaya da ɗari da tara na bi. Kowane abu yana da rasit, sai abu ɗaya. Wanda ya yafe bashi ba ya yanka rasit.

Na shiga wurin Abba na durƙusa na ce Entaz Ali. Na maimaita. Hannunsa na hagu ya kama zanin gado, bakinsa ya yi ta motsi, wani sauti ya yi ta fita, babu kalma a ciki. Umma ta fitar da ni.

Laraba, da yamma

Na haye kogi da kuɗin a cikin riga. Gida ɗaki ɗaya na kwano, saniyar a ɗaure a gindin mangwaro, ja ce mai farin goshi. Na ce Inna kuskure aka yi, Abba ya yafe tun ranar jana'iza.

Ta ce shi ya gaya mini? Na ce a'a. Ta ce to a rubuce na gani? Na ce abin da aka rubuta yana kulle. Sai na ce to ni na yafe, ni ɗansa, ni ke riƙe da shago.

Ta ce, "Ɗan nan, ubanka yana da rai. Ba ka yafe abin da ba naka ba. Jiya ka ce a rubuce yake, yau ka ce a ranka kake ji. Mijina ba zai kwanta a kan jin ranka ba."

Ni da ba a taɓa rufe mini baki a kasuwar Carghat ba, na tsaya kamar turken saniyar. Ta ce in kawo mata a rubuce daga littafin Abba, kuma Nitai mai kayan zaƙi ya karanta mata, don shi ba danginmu ba ne kuma ba ya ƙarya sai a kan sikeli. In ba haka ba ranar Asabar saniya ta tafi.

Ta ba ni nono a kofi. Na sha.

Alhamis, 9 ga Afrilu, ƙarfe takwas

Lissafin da Abba ya taɓa da hannunsa a watan Disamba yana cikin wancan na kulle. Na ajiye shi gefe kafin in goge manhajar, don ni ba wawa ba ne gaba ɗaya. Tsohuwar manhaja ba ta buɗe shi, sun yi masa wani ɗauri. Na gwada duk abin da ke littafin. Na gwada abin da ba ya littafin.

Mabuɗi ɗaya ne, kuma yana hannun mutumin da na zagi gashin bakinsa.

Alhamis, ƙarfe biyu

Rangwame ya ƙare shekaranjiya. Yanzu dubu goma sha shida.

Ban taɓa kuɗin Inna Amiron ba. Ban taɓa na magani ba. Na sayar da wayata dubu goma sha ɗaya. Na ɗora littattafaina a amalanke na mayar wa mai tsohuwar takarda, kilo sittin da biyu, ya saya rabin yadda ya sayar mini, har yana tambaya ko na gama ilimin ne. Ƙamus kaɗai na riƙe. Sauran Baffa Nitai ya cika, ya ce a rage rasagola zuwa kilo talatin, manomanmu ma ciwon sukari ya fara kama su.

Da wayarsa na kira. Sabbir ya gane muryata. Ya ce, "Yallaɓai mai garma." Na ce ni ne. Na ce masa maganar da na yi a kan gashin bakinsa ban kyauta ba, sauran kuma ina nan a kai. Ya yi dariya, wannan karon tasa ce ta gaske. Ya ce shi ma ɗan mai shago ne a Bogura, kuma mahaifinsa ya zage shi fiye da haka a kan manhajar nan. Bai rage ko taka ɗaya ba.

Alhamis, bayan la'asar

Ta buɗe. Launi kala-kala, har da wani hoton mutum yana ɗaga mini hannu.

Entaz Ali. Sha tara ga Disamba. Rangwame, dubu ashirin da ɗaya da ɗari huɗu. Saura, sifiri.

Na nemi gurbin bayani. Babu. Na sake kiran Sabbir, ya ce sabuwar ba ta ɗauko wannan, binciken kamfani ya nuna mutane ba sa amfani da shi. Duk abin da Abba ya rubuta har Oktoba yana jan littafina. Abin da ya rubuta daga Oktoba zuwa ranar da aka same shi yashe a bayan kantar shago ya tafi. Ban san me ya ce a kan Entaz ba. Ba zan taɓa sani ba.

Ban zagi Sabbir ba. Ina so a rubuta wannan a wani wuri, to ga shi na rubuta.

Na bi sauran sunayen kaf. Entaz kaɗai Abba ya yafe wa.

Asabar, 11 ga Afrilu, da rana

Mun hau kwale-kwalen farko ni da Baffa Nitai, yana riƙe da takardar a cikin leda kamar jariri, yana ta mitar cewa shi bai iya ruwa ba kuma madararsa za ta lalace. Mun tarar dillalin har ya kwance igiya.

Baffa ya sa gilashi ya karanta mata a tsaye, da kwanan wata da komai. Ta ce ya sake. Ya sake. Ta ce ya nuna mata inda sifirin yake, ya ɗora mata yatsa a kai. Ta zauna a ƙasa ta ja mayafi ta rufe fuska. Muka juya baya muna kallon kogi.

Dillalin ya ce ciniki ya faɗa, in za a fasa sai an ɗora masa dubu uku. Kwana goma sha bakwai ina tara magana a cikina, ga wanda Allah ya kawo. Na tambaye shi tun yaushe kafin alƙalami ya zama ciniki. Na tambaye shi nawa ya yi wa saniyar kuɗi, ya faɗa, na juya na maimaita wa mutanen ƙauyen da suka taru, da ƙarfi, don saniya mai nono ce ya yi wa kuɗin maraƙi a hannun mai takaba. Na ce ranar Talata manoma ɗari uku za su zauna a shagonmu suna cin zaƙi, kuma ni mutum ne mai son ba da labari. Na ƙirga masa kuɗin da Inna ta kai shago, ya karɓi abinsa cif, ya ce ni ba ni da tarbiyya. Na ce aji takwas na tsaya.

A hanyar dawowa Baffa ya ce ashe harshen yana buɗe wani kwaɗon. Sai ya yi amai a kogi.

Lahadi, 12 ga Afrilu, da safe

Na gaya wa Abba duka, har da wayar. Ban san nawa ya shiga ba.

Litinin, 13 ga Afrilu, da yamma

An wanke shago, an rataya furanni da takardu masu launi. Umma ta ce ba za a fito da Abba ba, mutane za su yi ta kallo. Na ce shagonsa ne.

Talata, 14 ga Afrilu, ɗaya ga Boishak, bayan la'asar

Mun kawo shi a kujera, ni da Baffa Nitai, da farar riga da hularsa. Mutane sun yi kallo, sannan suka daina, suka shiga layi suna gaishe shi. Ni ina bayan kanta da jan littafi a buɗe. Na ba mai shayi babu sukari shayinsa babu sukari. Na zagaya ta kunnen dama na yi wa kurman magana. Ban tambayi kowa ɗansa ba. Wani dattijo ya ce yaron nan ashe yana lura da mutane. Ban gyara masa ba.

Kwamfutar tana kunne a gefe, mutumin nan yana ta ɗaga hannu. Na juya ta ta kalli bango. Baɗi za su sake zuwa neman dubu goma sha shida. Kafin nan komai zai kasance a jan littafi, mu ga abin da za su kulle.

Rasagola ta ƙare kafin azahar. Kilo talatin ba ya isa, na faɗa.

Inna Amiron ta zo da tukunyar kindirmo a ka. Ba ta zauna ba, ba ta ci komai ba. Ta tsaya gaban Abba ta ce, "Yaya Mokbul, takardar inji na gani. Ina so in gani daga hannunka."

Umma ta kalle ni. Na buɗe sabon shafi, na rubuta Entaz Ali, na ɗora littafin a cinyarsa, na sa masa alƙalami a hannun hagu. Alƙalamin ya faɗi. Na sake sa masa. Mutane suka matso, har Baffa Nitai.

Ya daɗe. Alƙalamin ya yi ta rawa, ya tafi, ya karkace, ya dawo. Sifiri ne, babba, ya haye layi uku, kuma bakinsa bai haɗu ba.

Ta duba ta ce ya isa. Ta ajiye kindirmon a gabansa ta tafi kama kwale-kwale.

Ban rufe masa bakin sifirin ba. Haka zai zauna.